Akwatin da Na Rufe da Ƙusa

Zuwa ga ɗana Mustafa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, duk da cewa tun ranar Juma'a ba ka tsaya ka amsa gaisuwata da kyau ba, ni ma ban tsaya na amsa taka ba. Allah Ya kai ka Damagaram lafiya, Ya tsare ka a hanyar Maine da abin da ke gaba da ita, Ya haɗa ka da direba mai hankali. Innarka ce za ta sa wannan takarda cikin jakarka, ƙarƙashin garin tattasan da ta ƙulla wa gwaggonka. Na zaɓi rubutu ne domin in na buɗe baki a gabanka faɗa muke yi. Zuciyata ka ɗauko, kuma ba kyauta ce mai kyau na yi maka ba.

Na san ka bincike shago. Ka zazzage akwatin kayan aiki, ka ɗaga buhunan garin katako, har tsohuwar randar da ke bayan ƙofa ka leƙa. Ƙarfen tambari kake nema, wanda nake gasawa a wuta in danna a kan katako ya bar hoton tattasai, alamar da kowane makaɗi daga nan har Bosso ya san ta shagonmu ce. Ba ya shago, ba ya gida, kada ka wahalar da innarka da tambaya. Zan faɗa maka inda yake, amma sai ka fara jin abin da ya fitar da shi.

Tambayar da ka yi mini mai kyau ce, ban taɓa cewa ba ta da kyau ba. Ka ce tunda muna ƙera gita, me zai hana mu dawo da amfili, akwatin da ke ɗaga muryarta, kamar yadda nake yi a da? Abin da ya tayar mini da hankali shi ne samfurin da ka ajiye mini a kan tebur. Alhaji Manzo, ɗan kasuwar da zai ba ka shago a Damagaram, shi ya aiko da shi: baƙar roba, an narka bakinta an haɗe, babu noti ko ɗaya, batir na ciki ba a ganinsa. Za a yi odarsu daga waje a shirye, kai kuma aikinka ka liƙa ɗan siririn katako a gaba ka danna tattasai, a sayar da sunan aikin gidanmu. Na juya shi, na sake juyawa, na ce ta ina ake buɗewa? Ka yi dariya ka ce, “Baba, ai yanzu ba a buɗewa. In ya mutu sai a sayi wani.” Da na ce ban yarda ba, ka ce tsoron kasuwa ne ya sa na bar amfili tun farko, kuma tsufa ya ƙara mini. A gaban abokinka ka faɗa, Mustafa. Raina ya ɓaci, har yanzu a ɓace yake, kuma Alhajin naka da bai taɓa riƙe zarto ba amma yana son tambarin wani a kan robarsa, shi ma ina jin haushinsa.

Tsoro kam akwai, amma ba na kasuwa ba ne. Na ce maka rashin batir ne ya tsayar da ni lokacin da aka hana hawan babur. Wannan rabin gaskiya ne, kuma rabin da ya fi sauƙi na ba ka.

Ka san da ƙofofi da gadaje na fara a garin nan. Wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da aka turo daga yamma ne ya kawo mini gitarsa da wuyanta ya karye, na gyara, na auna ta, na ce ai wannan ba ta fi ƙarfin kafinta ba. Tsirkiya daga wayar birkin babur nake zarewa. Abin ɗaukar sauti kuma da hannu nake naɗa shi, da wayar jan ƙarfe ta fankar da ta ƙone da maganaɗisun tsohuwar lasifika. To gitar da aka yi haka muryarta ƙarama ce, amfilin kanti ba ya jin ta da kyau, sai ya yi ta gurnani. Dole ta sa na koyi haɗa nawa da kayan cikin rediyon mota da batirin babur, na yi ta ƙone yatsu da dalma har na samu wanda ya dace da ita. A lokacin, in an tsinke tattasai a bakin kogin Komadugu an shanya shi ya yi ja a kan rairayi, biki ne ko'ina. Makaɗi ya ɗaure amfili a bayan babur, ya rataya gita, ya yi mako bai kwana gida ba. Tattasai ne ke ciyar da makaɗa, makaɗa ke ciyar da mu, shi ya sa na sa maƙeri ya yi mini shi a ƙarfe.

Akwai wani Idi mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ka san shi, mai tabarau ɗaure da zare. Wata rana aka kai masa amfilina ya duba, ya kwance bayan, ya gyara, ya kuma kalli yadda na haɗa. Bayan ɗan lokaci sai ga irinsa yana sayarwa. Na tafi har rumfarsa na yi masa tatas a gaban mutane, na kira shi ɓarawo, alhali ni ma daga gitar mushe na kwaikwayi tawa. Na dawo shago ina huci na yi rantsuwa ba wanda zai sake ganin cikin aikina. Daga ranar, duk amfilin da na gama sai in narka kwalta in zuba a kan kayan ciki har su nutse. Batirin da nake barin sa a waje na mayar da shi ciki, na fito da waya biyu kawai don caji. Sannan in shafa gam a bayan, in bi shi da ƙusa, in nitsar da kawunan ƙusar in shafe da fenti. Ya zama akwati mai nauyi, a rufe ruf, da wayoyi biyu suna reto.

Har alfahari nake yi da haka. In amfili ya mutu ana tsakiyar biki a Tumur, babu mai iya taɓa shi, sai an ɗauko shi har Diffa an jira ni in ga dama. Makaɗa suna ƙorafi, ni kuwa ina jin ni wani ne. Ka ji ni da kyau a nan: duk sana'ar da ka ga tana sa mutane su dawo wurinka don ba su da yadda za su yi, ba don sun ji daɗin aikinka ba, to ka tsaya ka duba kanka. Abin da Alhaji Manzo ke kira dabarar zamani, ni na riga shi yin ta da kwalta.

Sai abin nan ya zo mana. Innarka ta matsa aka kai ka Gure wurin kawunka, don haka ba ka ga farkonsa ba. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana babur, aka sa shinge a kowace hanya. Mutane sun ga abin da ƙunshi a rufe yake yi a kasuwa da tasha, kowa tsoron jakar ɗan'uwansa yake ji. Ni ina zaune a shago ina kukan ciniki ya tsaya, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba in aika wa masu akwatunana su kawo in buɗe musu baya. Ina da sunayensu duka a kaina. Ban aika ba.

Ka san Kawu Kiyari, wanda kake kai wa shinkafar salla a Assaga. Kai ka san shi mutum ne mai shiru da hannu mai rawa. Ni na san shi lokacin da babu mai taɓa gita kamarsa a duk bakin kogin nan, Barebari da Fulani da Hausawa kowa na gayyatarsa, yana waƙa da harshe uku ba ya tuntuɓe. Amfilinsa nawa ne. An gayyace shi kiɗan bikin suna a nan cikin gari, da rana, domin kiɗan dare ya riga ya ƙare. Ya hau motar haya daga ƙauyensu da akwatin a kan cinya. A shinge aka sauke kowa da kayansa, soja ya nuna akwatin ya ce mene ne. Kiyari ya ce na kiɗa ne. Ya ce buɗe. Direban motar ne ya ba ni labari daga baya, ya ce Kiyari ya durƙusa yana lalube da farce yana neman inda zai kama, babu. Aka ce me ke ciki mai nauyi haka, ya ce batir. Aka ce wayoyin nan fa? Fasinjoji suka fara ja da baya. Aka sake cewa ya buɗe, sai ya faɗi gaskiya tsantsa, wadda ta fi kowace ƙarya muni a wurin: “Ba ya buɗuwa. Wanda ya haɗa shi kaɗai ke buɗewa.”

Ban ga laifin yaran da ke shingen ba, ko yau ban gani ba. An turo su daga nesa, sun binne abokansu, ga mutum da akwati a rufe da batir da waya yana cewa wani ne ya haɗa masa. In ni ne a wurin, abin da zan zata ke nan. Suka kai akwatin nesa da hanya suka tarwatsa shi, abin da ya rage kwalta ce da ƙarfe da ba mai iya cewa ga abin da suke. Kiyari kuma aka tafi da shi.

Washegari matarsa Fanna ta zo shago da goyo a bayanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zauna ba. Ta ce, “Malam Lawali, kai ka yi akwatin. Ka je ka faɗa musu.” Na ce mata gobe in sha Allahu. Tana fita na kwashe sauran akwatunan da ke shago na binne su cikin garin katako. Na gane idan Kiyari mai ɗauke da akwati ne, to ni ne mai haɗawa. Gobe ta yi, na ce jibi. Na ce wa kaina ina da iyali, na ce ai za su gane da kansu su sake shi, na ce bari ƙura ta lafa. Fanna ta dawo, na sa aka ce ba na nan. Innarka ce ta kawo ƙarshen abin. Ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina ta ce, “Malam, yau ma Fanna ta zo. Na rasa da wane ido zan kalle ta, sai na kalli ƙasa. In kai ba za ka je ba, ni zan ɗauki akwati ɗaya a kai in je.”

Na tafi wurin sojojin, da akwati ɗaya da kurfi da guduma. Aka tsayar da ni a fili, kowa ya matsa nesa, na fasa bayan da hannuna, na ɓamɓare kwaltar har kayan rediyo suka bayyana. Shef ɗinsu, wato babbansu, ya zo ya duba, mutum ne mai furfura, bai ɗaga murya ba. Ya ce da ranar na zo da a gidansa mutumin ya kwana, amma yanzu an riga an wuce da shi can yamma tare da wasu, maganar ta fita daga hannunsa. Sannan ya ce, “To kai me ya sa kake rufe su haka?” Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, “Don kada Idi mai rediyo ya kwaikwaya.” Ban taɓa jin maganar da ta fi wannan wauta ba, kuma daga bakina ta fito.

Idan wani ya shiga uku saboda aikin hannunka, ka tafi a ranar, da takalmin da ke ƙafarka. Kada ka tsaya shawara da tsoronka, domin tsoro ya iya lissafi, kullum zai nuna maka gobe ta fi. Ni ban ce maka ba za ka ji tsoro ba. Ka ji shi kana tafiya.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, kafin Kiyari ya dawo. Ya tarar ƙauyensu babu kowa, iyalinsa suna Assaga cikin bukkar zana da tamfol a gefen kwalta. Ya yi ciwo a can inda aka tsare shi, ya dawo hannunsa na hagu yana karkarwa, yatsun ba sa iya danne tsirkiya. Na je gaishe shi ina jiran zagi, da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai ya shimfiɗa mini tabarma ya gaishe ni da Barbarci ya ce, “Wushe, Malam. Yaya shago?”

Abin da na yi bayan nan shi ma kuskure ne, ko da yake na daɗe ina ɗaukarsa tuba. Na tara duk akwatunan da suka rage a bayan gida na cinna musu wuta, na ce ni da amfili har abada. Wa hakan ya amfana? Hannun Kiyari bai daina rawa ba. Makaɗan da suka rage, masu ɗan kiɗan suna da na aure kafin la'asar, suka koma sayen na kanti, irin wanda zafin Diffa ke kashewa kafin shekara ta zagayo, kuma ba ya jin muryar gitarmu. Ina ƙera musu gita ina sallamarsu da rabin kaya. Har ya kai wasu baƙi ma'aikatan agaji suna zuwa su sayi gitata don su rataya a bango, suna ɗaukar hotona suna cewa abin sha'awa. Gitar da na naɗa wa waya da hannuna, a bango kamar faifai! Ka kuma san amfilin wa ke aiki har yau a bukukuwan Assaga? Na Idi, wanda ya kwaikwaya daga nawa ya bar bayansa da noti. Kunya ce ta hana ni komawa, na sa mata sunan rashin batir na ba ka. In ka yi ɓarna da wani aiki, gyara aikin ake yi. Barinsa gaba ɗaya sauƙi ne kawai mutum yake nema wa kansa.

Saboda haka ga amsar tambayarka. E, a dawo da amfili. Gita da amfilinta abu ɗaya ne, wanda ya naɗa wayar shi ya fi sanin abin da zai ɗaga ta, kuma kai ka fi ni ilimin lantarki nesa ba kusa ba, ka iya sola, ni ban iya ba. Amma ka haɗa shi da hannunka. Bayansa ya zama da noti mai kunne, wanda ake murɗawa da yatsa ba sai an nemi ƙarfe ba. Batir ya zauna a waje inda kowa zai gan shi. Ka zana yadda ka haɗa wayoyin a jikin murfin daga ciki, don mai gyara a Tumur ko Ngelbeli ya gane ba sai ya kira ka ba. Za su kwaikwaya, na sani. Su kwaikwaya mana! Kai ka riƙa yin wanda ya fi nasu.

Na san abin da za ka ce, Damagaram ba Diffa ba ce, can babu shinge kamar nan. To su wa za su sayi amfili mai tattasai? Mutanen Damagaram ba su san tambarin ba. Alhaji Manzo ya san da haka sarai, shi ya sa yake son sa: zai loda su a mota ya turo su nan, inda sunan ke da daraja, su bi ta kowane shinge da ke tsakanin Gure da Bosso a kan cinyar yaran mutane. Shi yana zaune a kantinsa ƙarƙashin fanka. Idan ya ce shago sai da sharaɗinsa, ka gode masa ka fita, gwaggonka tana da zaure, ni ma a zaure na fara. Kada ka yi masa rashin kunya, ya girme ka, amma kada ka sa hannu a wata takarda da sunan gidanmu a ciki.

Sauran abubuwan ka san su. Katinka na ɗan ƙasa ya zauna a aljihun gaba, ba cikin jaka ba. Kada ka karɓi saƙon kowa a tasha in ba ka ga cikinsa ba, ko da mai kama da kakarka ce ta ba ka. Ka riƙe salla. Ka riƙa kiran innarka, ni ko ba ka kira ni ba zan ji daga wurinta.

Yanzu maganar ƙarfe. Ranar Asabar, bayan faɗanmu, na naɗe shi a tsumma na hau mota zuwa Assaga. Na samu Kiyari a ƙofar bukka yana koya wa wasu samari kiɗa da baki, yana faɗa musu inda za su sa yatsa tunda shi ba ya iya nunawa. Na ba shi labarin samfurin Alhaji, na ce ɗana yana so a dawo da amfili, ni kuma ba ni da bakin cewa e ko a'a, shi ke da shi. Sai ya ce, “Malam, yaran nan gitarsu ba ta da murya. Mutum goma in sun taru, na baya ba ya ji. A yi musu mana.” Na miƙa masa ƙarfen na ce to ya zauna a wurinsa. Ya karɓa da hannu biyu, domin ɗaya ba ya riƙe abu, ya tura shi ƙarƙashin tabarma.

Don haka tambarin yana Assaga. Ranar da ka gama amfilinka na farko, ka ɗauko shi da kanka, ka bi da shi ta duk shingayen da ke hanya, ka kai wa Kawunka Kiyari. In ya buɗe shi, zai ba ka ƙarfen, kuma ni da kaina zan hura maka wutar. In bai buɗu ba, ka koma ka sake.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka fi ni a sana'a da hali. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da mutanen bakin kogi gonakinsu. Ka gaishe da gwaggonka da yaranta. Innarka tana gaishe ka, ta ce tattasan na gwaggo ne, kada ka taɓa.

Ranar da na je Assaga, har na kai bakin hanya Kiyari ya aiko a kira ni. Ya ce in faɗa maka ka yi notin da laushi, domin da hannun hagu zai gwada.

Mahaifinka,
Lawali kafinta, Diffa